Shataletale a Ƙarƙashin Teku

A can arewacin Tekun Atilantika, tsakanin Norwe da Aisland, akwai wasu tsibirai 18 da ake kira Faro. Mutanensu wajen 54,000 ne, tumakinsu ma sun fi su yawa. Suna ƙarƙashin masarautar Denmak, amma tun 1948 suke tafiyar da harkokinsu na cikin gida da kansu. Kifi ne arzikinsu. Tekun da take ciyar da su kuwa ita ce ta daɗe tana raba su da juna.

Duk wanda ya taɓa zaman jiran jirgin fito a bakin kogi da damina ya san rabin labarin. Jirgi ba ya jiran kowa, kai ne za ka jira shi. In iska ta taso ya ƙi tashi, mai naƙuda ta haƙura, kifin da aka kamo ya kwana, wanda ya je aiki ya nemi masauki inda dare ya riske shi. Matashin da ya gaji da wannan zama sai ya tattara ya koma Torshavn, babban birni, ko ya zarce Denmak.

Maganin da gwamnatin Faro ta zaɓa shi ne ta bi ta ƙarƙashin ruwan. Ana shiga da injinan huda da nakiya a fasa dutsen da teku take kwance a kansa, a shimfiɗa kwalta a ciki. A 2002 aka buɗe hanya ta farko zuwa tsibirin Vagar, inda filin jirgin samansu ɗaya tilo yake; kafin nan, in ka sauka daga jirgin sama sai ka sake neman jirgin ruwa. A 2006 ta biyu ta haɗe Klaksvik, gari na biyu a girma.

Ta uku ce ta ja hankalin duniya. An buɗe ta a Disambar 2020, tsawonta ya haura kilomita 11, inda ta fi zurfi kuma ta wuce mita 180 ƙasa da fuskar teku. A cikinta hanya ta rabu uku, shi ya sa aka yi mata shataletale, aka ƙawata ginshiƙin dutsen da ke tsakiya da fitilu masu launi da zanen Trondur Patursson na mutane riƙe da hannun juna suna rawar gargajiya. Tafiya daga Torshavn zuwa Runavik, wadda a da take cin fiye da awa guda, ta koma kamar minti 16.

Ni dai ba shataletalen ne ya fi burge ni ba. Hanya ta huɗu ce, wadda aka buɗe a Disambar 2023 zuwa tsibirin Sandoy. Ita ma ta kusa kilomita 11, mutanen da aka haƙa ta dominsu kuwa dubu ɗaya ne da 'yan ɗaruruwa. Ko wane mai lissafi ka ba alƙalami zai ce maka motocin Sandoy ba za su taɓa biyan bashin ba. Majalisar Faro ta san haka, sai ta ɗaure hanya ta uku da ta huɗu a kamfani guda mallakar gwamnati. Ba shinge, ba mai miƙo hannu: kyamara ce take ɗaukar lambar mota, kuɗin fito ya biyo baya. Abin da aka tara daga hanya mai cunkoso shi yake ɗaukar nauyin wadda ba ta da jama'a. Masu bin hanya mai cunkoson kullum sun yi gunaguni kan tsadar kuɗin, kuma suna da hujja, domin aljihunsu ne ya haƙa wa wasu hanya. Amma da an tsaya sai kowane tsibiri ya biya tasa, da Sandoy tana nan tana duban sama kafin ta shirya tafiya.

Sai dai hanya baki biyu gare ta. Wadda ta kawo likita ita take kwashe masu saye daga kantin ƙauye zuwa manyan shagunan birni, kuma tsibiri yana iya zama wurin kwana kawai, da safe kowa ya kama mota. Mai kanti ba zai yi murna ba, ko da yake an ce da babu gara ba daɗi.

Ba kowa ne hanyar ta kai gare shi ba. Ƙananan tsibirai irin su Mykines da Fugloy har yanzu jirgin ruwa suke bi, da jirgi mai saukar ungulu wanda gwamnati take rage wa kuɗin shiga. Mutanen Suduroy, can kudu, awa biyu suke yi a jirgin fito mai suna Smyril kafin su iso Torshavn. Hanyar da ake shirin haƙa musu za ta haura kilomita 20.