Ƙa'idojin gina madafa ta biyu a gida

A Wurno da Rabah da Goronyo ba kasafai ake gina madafa ta biyu don ƙawa ba. Galibi ƙarin aure ne ke kawo ta, ko ɗa ya yi iyali a gidan mahaifinsa har aka raba tukunya, ko kuma uwargida ta fara tuyar ƙosai da masa na sayarwa, murhu ɗaya ya kasa. Aikin ƙarami ne, sau da yawa rumfar kwano ce da duwatsu uku, amma akwai ƙa'idoji a kansa, na hukuma da na shari'a.

A ɓangaren hukuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce sabon gini ko babban sauyi a tsohon gini yana buƙatar izini, kuma a Jihar Sakkwato akwai hukumar tsara birane da ke da alhakin wannan. A 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Wanda zai zuba bulo da dakin a bakin titi, ko ya mai da gida ɗaya ya zama na haya mai sassa biyu, ya kamata ya fara da sakatariyar ƙaramar hukuma. Gaskiyar magana dai, a cikin lunguna ba takarda ke hana rigima ba. Mai unguwa da magini da maƙwabci su ne ke yanke yawancin hukunci.

Abin da suke bi tsohon tushe ne na fiƙihun Malikiyya: mutum yana da ikon yin abin da ya so a cikin gidansa muddin bai cutar da wani ba. Ibnur Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi guda kan hukunce-hukuncen gini, kuma hayaƙi na cikin cutarwar da ya tattauna. Malamai sun bambanta hayaƙin girkin yau da kullum, wanda dole maƙwabci ya jure, da hayaƙi mai yawa na sana'a da aka ƙirƙiro daga baya, wanda ake iya hanawa. Ke nan madafar amarya da madafar mai tuyar sayarwa ba matsayinsu ɗaya ba. Haka ruwa: ba a karkata indararo ko kwatar wanke-wanke zuwa gindin katangar wani, domin ginin ƙasa daga ƙasa yake ciwo. Idan katangar ta haɗaka ce, ba a ɗora mata azara sai da yardar ɗayan.

Wurin da za a kafa madafar ma yana da lissafi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damina kuma yawanci daga gabas, shi ya sa magina ba sa son ƙofar madafa ta fuskanci can. A nisanta ta daga rumbu da zana da tarin kara, a kuma nisanta kwatarta daga rijiya. A garuruwan da ke bakin gulbin Rima, inda ambaliyar 2010 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa, ɗaga daɓe da sa harsashin siminti ba almubazzaranci ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa a sabbin gine-gine shi ne kicin na bulo mai rufin kwano da ƙaramar taga guda, sannan a hura itace a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa. A bar mafita a sama da taga a ɓangarori biyu. Tukunyar gas kuwa ba ta zama ɗaki ɗaya da murhun itace.

Sai batun mallaka. Idan gidan na gado ne da ba a raba ba, wanda ya gina madafa a tsakar gida da kuɗinsa ya gina ne a kan haƙƙin kowa, kuma ranar rabo za a tayar da maganar. Ya nemi yardar sauran magada a gaban shaidu, a rubuta wanda ya biya da iyakar wurin kafin magini ya kwaɓa ƙasa.