Gaskiya ko Jita-jita: Wace salansa ce ta dace da Peugeot 504 bayan an yi wa injinta aiki?

Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya shafe shekaru yana haɗa ta. Har yau akwai masu riƙe da ita suna tattalinta. Mutum zai sauke inji, ya sa sababbin fistin da ringi, a wanke bawul, ya kashe kuɗi masu kauri, amma da an zo kan salansa sai ya miƙa wuya ga duk abin da aka faɗa masa a bakin gareji. A nan ne zantuka suka yi yawa.

Wanda aka fi yawan ji shi ne wai faɗin bututu shi ne ƙarfin mota, don haka a ɗaura mata na babbar mota "ta samu numfashi". Wannan jita-jita ce, ko da yake tana da ɗan tushe. Hayaƙi ba ya fita a miƙe, bugu-bugu yake fita, kowace silinda da lokacinta, a tsarin 1-3-4-2. Duk bugun da ya wuce da gudu yana barin wani ɗan zuƙo a bayansa, kuma zuƙon nan ne ke taimaka wa silinda ta gaba ta kwashe nata hayaƙin, ta samu wurin sabon mai da iska. Idan bututu ya cika faɗi sai hayaƙin ya yi sanyi, gudunsa ya ragu, kamar ruwa kaɗan a faffaɗar kwata, kwanciya yake yi. Abin da direba zai gani shi ne mota ta yi nauyi wajen tashi da hawan tudu, inda aka fi buƙatarta. Injin 504 mai kafireta bai wuce lita 2 ba, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Bututun da bai wuce inci 2 ba ya ishe shi. Mai inci 3 na injin da ya ninka shi ne.

Sai kuma masu kishiyar wannan magana, da ke cewa inji yana son a ɗan toshe masa hanya, wai matsin da ke komawa baya shi ke ba shi ƙarfi. Su ma sun kauce. Sun ga an sa babban bututu mota ta mutu, sai suka ɗauka toshewa ce magani. Gudun hayaƙi ake nema, ba tarewa ba. Tukunyar salansar da cikinta ya ruɓe ya zube, ko bututun da dutse ya lotsa, ba abin da suke jawowa sai zafin inji da shan mai da kasala.

Batun cire tukunya don mota ta riƙa ruri ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙara ce ta ƙaru, kunne ne ke yaudarar mai ita. Abin lura kawai shi ne duk canjin da aka yi wa salansa yana iya taɓa ma'aunin mai da iska, kuma kafireta ba ta gyara kanta kamar injin zamani mai kwamfuta. Idan mai ya yi ƙaranci wuta takan yi zafi fiye da kima, bawul ɗin fitar hayaƙi ne ke fara ɗanɗanawa. Bayan an ɗan yi tafiya a kwance fulogi a duba: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, fari fat ƙarancin mai, baƙi mai kunkunniya kuwa mai ya yi yawa.

"Tsohuwar salansar ai ba ta da komai, a mayar da ita." Wannan rabi gaskiya ne. In dai ƙarfen yana da ƙwari, ba laifi. Sai dai injin da ya daɗe yana shan baƙin mai ya riga ya shafe cikin tukunyar da maiƙo. Ranar da aka tayar da sabon aiki, zafi ya kama, sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gareji, mai mota ya hau bakanike da faɗa cewa ringi bai zauna ba, alhali tsohon datti ne ke ƙonewa. A ba shi lokaci kafin a yanke hukunci. Abin da ba a mayarwa shi ne tsohon gaskit. A kuma ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar manifol a ga ko zafi ya karkatar da ita, a canza robobin da ke rataye da bututun, don idan mai walda ya manne shi ƙam da jikin mota, girgizar inji za ta tsaga shi.

Ruwan da ke ɗiga daga bakin salansa da safe yakan tayar wa mutane hankali, su ce gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Yawanci ba haka ba ne: ƙona litar fetur ɗaya na samar da kusan litar ruwa ɗaya a matsayin tururi. Shi ne ma ke cinye tukunya daga ciki idan motar ba ta yin doguwar tafiya. Abin tsoro shi ne farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ga kuma ruwan lagireto na raguwa.

Mafi haɗari a duk zantukan nan shi ne cewa ɗan huji a salansa ƙara ce kawai. Ƙarya ce mai iya kisa. Cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksayid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tsohon inji mai kafireta, wanda ba shi da matatar hayaƙi irin ta motocin yanzu, yana fitar da ita da yawa. Tsohuwar mota kuwa ba ta rasa ɓula a ƙasanta ko robar but da ta saki, musamman wagon mai ɗaukar iyali. Ciwon kai, jiri da gyangyaɗi a kan hanya su ne alamun farko. Bakin bututun dole ya leƙo waje daga bayan mota, kada a datse shi a ƙarƙashin kujeru don tsimin ƙarfe.

Don haka in ka je kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano, tafi da ma'aunin asalin bututun motarka, ka nemi daidai da shi. Bayan an ɗaura, a tayar da inji a fili, a bi kowace mahaɗa a tabbatar ba ta huci, sannan a sake saita kafireta kafin ka ɗauki kowa a ciki.