Tubalin da Wuta Ba Ta Cinsa

Kafin tsofaffin ƙarafan mota su wadata a kasuwa, maƙeran Adar da kansu suke fitar da ƙarfe daga dutsen tama. Sukan gina tanderu da yumɓu, su zuba tama da gawayi, su kunna wuta. In yumɓun bai yi kyau ba, sai tanderun ya tsage, zafi ya tsere, wahala ta tashi a banza.

Manyan masana'antun ƙarfe na yau ma wannan damuwa gare su. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 1,500, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. To, a cikin me za a narkar da shi? Ana jera wa cikin tanderun wani tubali mai jure wuta. Ana yin sa da zaɓaɓɓen yumɓu, ko da wasu ma'adinai kamar alumina da maganisiya, a gasa shi ƙwarai. Irinsa ake jerawa a tanderun gasa siminti, kamar na Malbaza.

Tubalin yana zaizayewa a hankali, domin narkakken ƙarfe da dattinsa suna lasarsa. A ƙiyasi, kowane tan na ƙarfe yakan ci kilo 10 zuwa 15 na tubalin. Kusan kashi biyu cikin uku na wanda ake yi a duniya, masana'antun ƙarfe ne ke sayensa. Kuɗinsa kuwa bai fi kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na kuɗin yin ƙarfen ba. Amma in aka yi rowa aka sayi maras kyau, tanderu zai huje, aiki ya tsaya, rayukan ma'aikata su shiga haɗari. Araha ba ta ado.

Wannan darasi ya shafi maƙeri da mai zubin tukwanen dalma, a Tebaram ko a Tawa. In za ka gina murhun aiki:

1. Nemi yumɓu mai danƙo, irin na masu ginin tukwane.
2. Cuɗa shi da dakakken tsingaro da ƙaiƙayi.
3. Bar shi ya bushe sarai a inuwa.
4. Soma da wuta kaɗan, sannan ka ƙara.
5. Liƙe tsaga tun tana ƙarama.

Kada ka zuba narkakkiyar dalma a mazubi mai danshi, domin takan fantsama ta ƙona mutum. Murhu mai kyau yana riƙe zafi, ya rage maka sayen gawayi, ya kuma rage saran itatuwa.