Ɗan Kasuwa, Kai Ma Uwar Adashe Ne

Da wuya ka ratsa layi guda a Tarauni ba ka tarar da gidan da ake zubin adashe ba. Kowace mai zubi ta san ƙa'idar: uwar adashe tana karɓa, tana rubutawa, tana ɓoyewa, ranar kwasa ta miƙa wa mai rabo kuɗinta cif. Kuɗin a ɗakinta suke kwana, amma ko sisi ba nata ba ne. Ranar da ta ɗeba ta yi cefane da niyyar za ta mayar, ranar ta fara haƙa wa kanta rami.

Haka harajin VAT yake a hannun ɗan kasuwa. Mai saye ne yake biya, mai shago riƙo kawai yake yi wa hukuma. Tun watan Janairun 1994 ake karɓarsa a Najeriya, lokacin da ya maye gurbin tsohon harajin ciniki a kan kashi 5 cikin 100. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 ya koma kashi 7.5, kuma sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki a Janairun 2026, ba su taɓa wannan kason ba. Hukumar da ke karɓarsa, wato FIRS, ita ce ta sauya suna ta koma NRS. Wannan haraji na tarayya ne, daban yake da abin da hukumar KIRS ta jihar Kano take karɓa, daban kuma da kuɗin rumfa na ƙaramar hukuma.

Ba kowace mata ce uwar adashe ba, haka kuma ba kowane mai shago doka ta ɗora wa karɓar VAT ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta sauke wa wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba wannan nauyi, sabuwar dokar kuma ta ɗaga iyakar zuwa miliyan 100, muddin kadarorin kasuwancin ba su wuce miliyan 250 ba. Ke nan tela, mai aski, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da mai ɗan shagon kayan masarufi, yawancinsu ba ruwansu da ƙara wa mai saye komai. Wanda ya rubuta VAT a rasit alhali ba ya kai wa hukuma, daidai yake da matar da ta bi gidaje tana karɓar zubi babu wani adashe a ƙasa.

Sai dai a lura, ciniki ake aunawa, ba riba ba. Dilan waya na iya juya miliyan 100 a shekara ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma ya riga ya tsallaka iyaka. Sannan masu sayar da ƙwarewa, irin su lauyoyi da akantoci, doka ba ta sa su cikin masu wannan rangwame ba, komai ƙanƙantar ofishinsu. Su kuwa masu kyamis da ke kusa da Asibitin Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, magani ba a ɗora masa VAT, haka ma abinci na yau da kullum da littattafan karatu. Amma turare da kayan kwalliyar da ke kan kanta ɗaya da maganin ba su shiga wannan sassauci ba, don haka kowanne da shafinsa a littafi.

Littafin nan shi ne martabar uwar adashe, shi ne kuma garkuwar ɗan kasuwa. A ce mai maɗaba'a a Gyaɗi-Gyaɗi da ya wuce iyakar ya yi aikin naira miliyan 1. Zai karɓi 75,000 a kai. In takarda da tawadar da ya saya ta 400,000 ce, ya riga ya biya 30,000 a wajen saye. Zai cire wannan, ya miƙa 45,000. In bai karɓi rasit mai nuna harajin daga wurin dilansa ba, ba shi da hujjar cirewa, sai ya biya duka daga aljihunsa. Idan kuwa ma'aikatar gwamnati ce ta ba shi kwangilar, ita za ta cire harajin ta tura da kanta, nasa kawai ya nemi takardar shaida ya adana.

Ranar kwasa ita ce 21 ga watan da ke biye. Abin da aka karɓa a watan Maris, kafin 21 ga Afrilu ya wuce ya kamata a ba da bayaninsa a biya. Ko watan bai yi ciniki ba, mai rajista sai ya shigar da bayanin cewa babu. Tarar rashin shigarwa a sabuwar doka 100,000 ce a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. A nan ake gane wanda ya haɗa kuɗin amana da jarinsa: ya sari kaya da su, kayan suka kwanta, rana ta zo hannu babu komai.

Wuri ɗaya ne kwatancin ya gaza. Mai karɓar adashen kullum a kasuwa yakan ɗauki zubin rana ɗaya ladan wahalarsa, shi kuwa mai karɓar VAT ba a ware masa ko kwabo. Shi ya sa bai kamata ya ƙara wa kansa asara ba. Ya lissafa cinikinsa na shekara ya san ɓangaren da yake. In yana ciki, ya yanki lambar haraji, ya buɗe asusu na daban da zai riƙa zuba kason duk ranar da aka biya shi, kuma tun wajen yin ciniki ya faɗa wa mai saye ƙarara ko farashin da haraji ne ko babu, kafin a kai ga "Allah ya sa albarka".