Harajin Kare Don Kare Tumaki

Kalmar "kare" ta fito sau biyu a kan wannan maƙala, kuma ɗalibin Hausa ya san ba abu ɗaya take nufi ba. Ta farko dabba ce mai haushi, ta biyu kuwa aikatau ce mai nufin tsarewa. Tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su, ga shi rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. To amma ba nahawu zan tattauna ba. Nufina shi ne in bayyana wani tsari da jihohin Amurka da dama suka bi tun ƙarni na 19, inda aka ɗora wa masu karnuka haraji domin a biya diyya ga manoman da karnuka suka kashe wa tumaki.

Mu da muka saba jin labarin jangali, mun san mai dabbobin kiwo shi ke biyan kuɗi a kan kowane kai. A nan kuwa an juya lamarin, mai tumaki shi ke karɓa, mai kare shi ke biya. Tambayar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce: me ya sa mutumin da karensa bai taɓa cizon tunkiya ba zai biya kuɗin ɓarnar da karen wani ya yi?

Asalin matsalar

A farkon ƙarni na 19 ulu, wato gashin tumaki da ake saƙa tufafin sanyi da shi, ya zama babbar dukiya a Amurka. Wajen 1810 wani jami'in jakadancin Amurka a birnin Lisbon mai suna William Jarvis ya aika da dubban tumakin Merino, 'yan asalin ƙasar Sifen, zuwa gida. Kafin 1840 jihar Vermont kaɗai ta mallaki tumaki fiye da miliyan ɗaya. Sai dai kiwon nasu ya bambanta da wanda muka sani. A gonakin gabashin ƙasar yawanci ba a sa makiyayi ya bi garke da sanda. Shinge ake kewayawa, a bar tumakin su kwana a fili. Kyarkeci kuwa an riga an kusa ƙarar da shi a waɗannan wurare, saboda haka abokin gabar da ya rage wa tunkiya shi ne karen maƙwabci.

Ɓarnar kare tana da wani hali da ya kamata a fahimta. Ba yunwa ce ke kai shi ba, domin sau da yawa a ƙoshe yake daga gida. Gudun da tumaki ke yi shi ke tayar masa da halin farauta. Idan karnuka biyu ko uku suka haɗu cikin dare, sai su yi ta kora suna cizo, su bar gawarwaki da dama ba su ci ko ɗaya ba. Waɗanda suka tsira ma ba su tsira duka ba: masu ciki kan yi ɓari, wasu su karye a jikin shinge, garken kuma ya daɗe a firgice ba ya kiwo yadda ya kamata. Matsalar ta kai ga a 1915 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar da ɗan littafi na musamman ga manoma a kan kare mai kashe tumaki.

Ai sai a ce a kai mai karen ƙara, tunda tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gaskiya ne, amma wane kare? Da dare aka yi ɓarnar, kafin gari ya waye karen ya koma gida ya kwanta a bakin ƙofa kamar bai san komai ba. Ko an gane shi, mai shi zai rantse karensa bai fita ba. Bugu da ƙari, tsohuwar dokar Ingila da Amurka ta gada ta ce sai mai ƙara ya nuna cewa mai karen ya san dabbarsa tana da mugun hali tun da farko. Ko an ci shari'ar ma, wataƙila mai karen talaka ne da ba shi da abin biya. A ganina, wannan wahalar gano mai laifi ita ce ainihin uwar da ta haifi harajin.

Yadda tsarin ke aiki

Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Kowane mai kare zai biya wani ɗan kuɗi a shekara, a rubuta karensa, daga baya kuma aka riƙa ba da ɗan ƙarfe mai lamba da za a rataya wa karen a wuya. A wurare da yawa kuɗin karya ya fi na kare namiji tsada, saboda ita ce ke haihuwa. Kuɗin da aka tara sai a zuba shi a asusu na gari ko na gunduma. Idan an yi wa manomi ɓarna, zai sanar da hukuma cikin 'yan kwanaki, a turo mutanen da ba su da dangantaka da shi su duba gawarwakin, su tabbatar aikin kare ne, su ƙiyasta kuɗin. Daga nan a biya shi daga asusun. In daga baya aka gano mai karen, hukuma na iya bin sa ya mayar da abin da ta biya.

Wato abin ya yi kama da inshora, sai dai a nan ba wanda ke tsoron hasara ne ke zuba kuɗin ba, waɗanda dabbobinsu ke jawo haɗarin ne. Tunda ba a iya nuna kare guda a ce shi ne, sai aka ɗauki dukan masu karnuka tamkar gida ɗaya. Har ila yau, harajin yana da manufa ta biyu, wato rage yawan karnuka. Wanda ke da karnuka biyar da ba ya ciyarwa zai sake tunani idan kowannensu na cin masa kuɗi. Wani abin da ya burge ni shi ne a jihar Massachusetts, rarar kuɗin da ta saura bayan biyan diyya akan mayar da ita ga garuruwa domin makarantu ko ɗakunan karatu. Ke nan akwai littattafan da karnuka suka saya wa jama'a!

Masu karnuka ba su yi shiru ba, sun je kotu. Hujjarsu ita ce ba daidai ba ne a karɓi kuɗin wani rukuni na jama'a a miƙa wa wani rukuni. A 1881 babbar kotun jihar Michigan ta yi watsi da irin wannan hujja, ta ce wannan kuɗi ba haraji ne irin na tara kuɗin shiga ba, mataki ne na kiyaye jama'a daga wata dabba mai iya cutarwa. Jihar Kentucky ta kafa dokarta a 1906, dala ɗaya a kan kowane kare, kuma a 1908 kotu ta tabbatar da ita. Kotun Ƙoli ta Amurka ma ta taɓo zancen a 1897, a shari'ar wani mutum mai suna Sentell wanda motar lantarki mai bin dogo ta kashe masa karya a birnin New Orleans. Kotun ta ce kare ba cikakkiyar dukiya ba ce kamar doki ko saniya, don haka jiha na da ikon hana diyya ga wanda bai rubuta karensa a littafin haraji ba.

Duk da haka ina ganin masu ƙorafin suna da ɗan abin faɗa. Mutumin kirki da ke ɗaure karensa shi ne ke zuwa ya biya, mai sakaci kuwa sai ya ɓoye nasa ranar ƙidaya. Idan asusun ya gaza, manomi ba zai sami cikakken kuɗinsa ba. Kuma diyyar gawa ake biya, ba ta cika rufe hasarar ɓari da firgitar garke ba.

Inda aka raba harajin da diyya

Ba kowane harajin kare ne ke da wannan manufa ba. A Biritaniya an fara shi a 1796 lokacin yaƙi da Faransa, domin neman kuɗi. Daga 1878 lasin kare ya tsaya a sule 7 da sisi, aka kuma ɗauke wa karnukan makiyaya. Kuɗin bai canza ba har fiye da shekara ɗari, ya zama abin da ake kashewa wajen karɓar sa ya fi abin da ake samu, aka soke shi a ƙarshen shekarun 1980, ban da a Ireland ta Arewa.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a ƙasar da ake kira Namibiya a yau, lokacin tana hannun Afirka ta Kudu. Mutanen Bondelswarts makiyaya ne, da karnuka suke farauta, da su suke kare garkensu daga dila. Hukuma ta ɗora musu haraji mai nauyi wanda ke hauhawa gwargwadon yawan karnukan mutum, abin da ya tura da yawansu zuwa ƙwadago a gonakin Turawa. Da suka yi tawaye a 1922, aka aika musu da sojoji da jiragen sama, aka kashe mutum fiye da 100. A can an ƙwace wa mai garke abin da yake kare garkensa da shi, kuma ba a mayar masa da ko anini ba.

A Amurka kuwa tumakin ne suka ragu. A 1942 akwai kimanin miliyan 56, a 2024 kuwa kimanin miliyan 5 suka rage. Lasin kare ya koma hanyar tabbatar da allurar ciwon haukan kare da kuma ɗaukar nauyin gidajen ajiye karnukan da ba su da masu su. Amma tsohon tsarin bai mutu gaba ɗaya ba. A jihar Virginia, a 2014 an ɗaga iyakar diyyar dabba ɗaya daga dala 400 zuwa dala 750, bisa sharaɗin manomi ya kai rahoto cikin awa 72 da ganin ɓarnar, kuma in an san mai karen, sai an fara neman kuɗin a wurinsa tukuna.