Abubakar Imam: Malamin da Ya Sa Aku Magana

Ɗalibin da ya yi makaranta a Nasarawan Doya, ko Makarfi, ko Kudan, da wuya a ce bai taɓa riƙe Magana Jari Ce ba. A nan kusa, cikin Zariya, aka rubuta shi.

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kama koyarwa a Midil ta garin. Yana wannan aiki ne, a 1933, Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari da Hausar boko. Imam ya aika da Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta yi wa juna ƙeta shi da Malam Zurƙe. A gasar ce kuma aka sami Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

East ya ga gwani, ya nemi a ba shi aron Imam. A 1936 Imam ya zo Zariya, cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Dabarar ginin abar lura ce: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, ɗan sarki Musa ya ƙagu ya bi sawu, aku kuwa ya yi ta tsare shi da labari har dare ya ƙare. Mai karatu ma haka ake tsare shi, bai ankara ba.

Masu nazari sun nuna cewa labaran da yawa aro ne, daga Dare Dubu da Ɗaya, da tatsuniyoyin Jamus, da hikayoyin aku na ƙasar Indiya. Gaskiya ne, amma a ganina wannan bai rage masa komai ba. Duk labarin da ya ɗauko sai ya sa masa rawani da babbar riga, ya zaunar da shi a fada ko kasuwa, mutanensa na zuba karin magana kamar a ƙofar gidanka aka haife su. Wannan aiki ya fi fassara wuya nesa ba kusa ba.

A Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1943 ya je Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ciki har da Nnamdi Azikiwe, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Hanyar da su Imam suka share ce Shu'aibu Makarfi ya bi da wasan kwaikwayonsa Jatau Na Kyallu.

Allah ya yi wa Imam rasuwa a Zariya a 1981. Har yau ana karantar da littattafansa daga sakandare zuwa jami'a.