Na'urar Zuƙe Ƙura a Suk al-Shabi: Abin da Iyali Za Su Duba Kafin Su Biya

Kasuwanni biyu ne suke amsa sunan Suk al-Shabi a babban birnin Sudan, ɗaya a Khartum, ɗaya kuma a hayin Kogin Nilu, cikin Omdurman. Ma'anar sunan ita ce kasuwar jama'a, kuma sunan ya dace da su, domin kafin yaƙi nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake sayen tukunya da tabarma da fanka, ya kuma hau motar garinsu. Bahaushe ba baƙo ba ne a waɗannan wurare. Kakanninmu sun bi ta Sudan a ƙafa zuwa aikin Hajji, waɗansu suka zauna, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin da yake ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Har naman da Sudanawa suke kira agashe daga bakin Hausawa ya samo sunansa.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu, aka wawashe shaguna da gidaje, waɗansu kasuwannin birnin suka ƙone. Sojoji sun sake kama fadar shugaban ƙasa a ranar 21 ga Maris 2025, kuma daga nan iyalai suka fara komawa. Da yawa sun tarar da ɗakunansu wayam, babu firiji, babu katifa, sai ƙurar shekara biyu. Cikin jerin abubuwan da za a sake saye akwai na'urar zuƙe ƙura, wadda Larabawa suke kira tsintsiyar lantarki, masu Faransanci kuma suke ce mata aspirateur. Mun ɗauki wannan batu ne domin waɗansunmu suna aika wa 'yan'uwansu na can kuɗin gyaran gida, kuma ƙurar Omdurman 'yar'uwar ta Maraɗi da Katsina ce.

Ƙurar da ake faɗa da ita

Mutumin ƙasar Hausa ya san hazon hunturu, wanda iska take kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tsakanin Nuwamba da Maris. Na Khartum sunansa habub. Yakan taso ne daga watan Mayu zuwa tsakiyar damina, kamar jan bango mai tafiya, ya rufe rana, ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa da ramukan taga. Idan ya wuce, sai a tarar da garin ƙasa mai laushi a kan darduma da littattafai da kwanukan abinci.

Tsintsiya tana kwashe yashi da tarkace, amma wannan gari mai laushi tayar da shi take yi, ya yi yawo a ɗaki, ya sake sauka bayan awa ɗaya. Mai shara ce take fara shaƙarsa, sannan jaririn da yake rarrafe, sannan tsoho mai ciwon fuka, sannan duk wanda ya ɗora goshinsa a kan dardumar. Tarihin na'urar ma daga irin wannan wahala ya faro. A 1907 wani mai sharar kanti a jihar Ohayo ta Amurka, James Murray Spangler, wanda fuka ta dama, ya haɗa wata ƙaramar na'ura da fanka da rigar matashin kai don ta tare masa ƙura. A 1908 William Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar, sunansa ya bi na'urar har yau.

Saboda haka tambayar farko da maigida da uwargida za su yi wa kansu ita ce mene ne a shimfiɗe a ƙasan ɗakunansu. Gidan da daɓensa siminti ne ko tayil, da tabarmi biyu ko uku da ake iya kakkaɓewa a tsakar gida, tsumma mai ɗan ruwa ya wadatar da shi, kuma kuɗin na'urar ya fi amfani a wajen tankin ruwa. Gidan da yake da kafet daga bango zuwa bango, ko babban ɗakin baƙi mai dardumai da kujerun yadi, ko mai ciwon ƙirji, shi ne yake da bukatar gaske.

Lambar da take jikin kwali

Mai shago zai fara nuna wa mai saye babbar lambar da aka rubuta a jikin kwali: wat 2,000, ko 2,200. Wannan lamba tana faɗin wutar da injin yake sha ne. Ƙarfin zuƙa kuwa ya dogara ga ƙirar fankar ciki, da yadda tiyo ya kama ba ya yoyon iska, da kuma tsabtar matacin. Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin na'urorin gida da suka wuce wat 1,600 daga Satumba 2014, ta sake rage iyakar zuwa wat 900 daga Satumba 2017, kuma kamfanoni suka ci gaba da ƙera masu share kafet sarai a ƙarƙashin wannan iyaka.

A Sudan wannan magana tana da nauyi na daban. Madatsar Marawi, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, ita ce babbar majingina ta lantarkin ƙasar, kuma hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashoshin wuta a 2025 sun sha jefa Khartum da Omdurman cikin duhu. Gidaje da yawa sun koma ga janareta da farantan hasken rana. Bari mu yi lissafi. Na'ura mai wat 1,600 da ta yi aikin rabin awa ta sha wat-awa 800. Batirin dalma mai folt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe da wat-awa 2,400, amma rabinsa kawai ake so a taɓa idan ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Shara ɗaya ke nan ta cinye kashi biyu cikin uku na wutar da aka tanada domin fitila da fankar dare. Ƙari a kan haka, injin yakan fizgi wuta fiye da lambarsa a lokacin da aka kunna shi, ƙaramar inbata kuwa sai ta ɗauke. Daidai ruwa daidai tsaki: mai dogaro da hasken rana ya nemi na'ura mai wat 1,000 ko ƙasa da haka, ya kuma yi shararsa da hantsi, lokacin da farantan suke kawo wuta.

A kuma juya na'urar a karanta ƙaramin allon da yake ƙarƙashinta. Wutar Sudan folt 230 ce, kamar ta Nijar da Najeriya kusan ɗaya. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka ta folt 120 ce, kuma da zarar an jona ta za ta ƙone. Waɗanda aka shigo da su daga ƙasashen Larabawa na Gabas sukan zo da fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila. A canza shi da mai kyau wajen mai gyara, domin ƙaramin mahaɗi mai araha yakan yi zafi ya narke.

Mai jaka, mai kofi, ko mai ganga

Iri huɗu ne mai saye zai fi cin karo da su. Mai jakar takarda tana da tsabta wajen zubarwa, sai dai jakar tana cika da wuri a ƙasar habub, kuma ranar da aka rasa irinta a kasuwa na'urar ta zama kayan ado. Mai kofin roba marar jaka, irin wadda James Dyson ya yi suna da ita a Ingila tun 1993, tana juya iska ne ta ware ƙura, ba ta bukatar sayen komai duk wata, amma kofin ƙarami ne kuma gari mai laushi yakan toshe matacinta da sauri. Mai batir ba ta da nauyi, sai dai aikinta na 'yan mintoci ne, kuma zafin Khartum, wanda yake wuce digiri 40 a Mayu da Yuni, yana tsufar da batirin lithiyam.

Ta huɗu ita ce mai siffar ganga a kan tayu, irin waɗanda Hitachi da Panasonic suke ƙerawa domin ƙasashe masu yashi. Cikinta yakan ɗauki lita 15 zuwa 20, matacinta na yadi ne da ake kakkaɓewa, kuma ƙirarta ba ta da wuyar gane wa mai gyara. Ga gida mai yawan jama'a da shimfiɗu, ita ce muke ganin ta fi dacewa, da sharaɗin a duba cewa wutar gidan za ta ɗauke ta, domin galibinsu masu shan wuta ne.

Kowace aka zaɓa, a duba mafitar iskarta. Na'urar da matacinta ya raunana tana zuƙar ƙura ta gaba tana fesa ta ta baya. Gidan da yake da mai fuka ya nemi mataci mai alamar HEPA, wanda bisa ma'aunin Amurka yake tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman 0.3 na maikuron. Kafin a biya, a sa mai shago ya jona ta, a ɗora tafin hannu a bakin tiyo a ji kamunsa, a shafa tiyon a ji ko yana yoyo, a sunsuna ko akwai ƙaurin waya. A tambaye shi kuma ko yana da mataci da tiyo da gawayin injin na canji. Idan ya ce babu, a ƙara gaba.

Daga ina ta fito?

Nan ne muke roƙon mai karatu ya natsu. A cikin yaƙin an sami wuraren da ake baje kayan da aka kwaso daga gidajen mutane, har jama'a suka laƙaba musu suna kasuwannin Dagalo. Firiji da talabijin da na'urorin shara sun bi ta hannu da yawa, kuma irin wannan kaya ba ya zama wuri ɗaya. Fam ɗin Sudan ya faɗi ƙwarai: dala ɗaya da take kusan fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a 2025. Don haka idan aka ga na'urar gwanjo a kashi ɗaya cikin huɗu na farashinta, zuciya za ta karkata.

Malamanmu ba su saɓa ba a kan cewa wanda ya san kaya na sata ne, ko zatonsa ya rinjaya a kan haka, bai halatta ya saya ba, kuma cinikin ɓarawo ba ya fitar da abu daga mallakar mai shi. Wanda aka yashe gidansa ya fi kowa sanin zafin abin, kuma zai yi muni ya share ɗakinsa da na'urar da wata uwargida a wata unguwa take kukan rashinta. Wannan ba ya nufin a zargi kowane mai gwanjo, domin iyalai da yawa sun sayar da kayansu da hannunsu don su sami kuɗin mota. Abin da ake bukata shi ne tambaya: wa ya kawo, ina kwalinta, ina rasit? A sayi kaya wajen mai shagon da aka san mazauninsa, a karɓi takarda mai lambar na'urar, in kuma an biya ta manhajar Bankak a adana shaidar. Idan amsa ta yi ta kwana-kwana, a bar ta. Araha ba ta ado.

Bayan an kawo ta gida

Wanda ya koma gidan da aka yi faɗa a kusa da shi kada ya fara da na'ura. Masu aikin kwance nakiyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi gargaɗi a kan harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin gidajen Khartum. Duk ƙarfen da ba a gane ba, a bar shi inda yake, a nisantar da yara, a sanar da hukuma. Fasassun gilasai da ɓaraguzan siminti da toka kuma aikin shebur da tsintsiya ne, da ƙyalle a hanci, domin garin siminti yana like mataci ya ƙona inji. Sai an gama wannan na'ura take shiga.

A riƙa zubar da cikinta tun bai wuce rabi ba, a waje, ana bai wa iska baya. Matacin da aka wanke a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Kada a zuƙi ruwa da na'urar da ba a yi ta don haka ba. A kuma tuna cewa ƙura ba najasa ba ce, da ƙasa ma ake taimama. Amma fitsarin yaro da ya bushe a kan darduma, a mazhabarmu ta Malikiyya ruwa mai tsarki ne yake gusar da hukuncinsa, komai ƙarfin injin da aka bi da shi a kai.

Daga ƙarshe muna shawartar maigida ya tafi kasuwa tare da wadda za ta riƙa jan na'urar, ko aƙalla ya ji ta bakinta a kan nauyi da tsawon waya, ya kuma koya wa samarin gidan amfani da ita don kada aikin ya taru a kan mutum ɗaya. Allah Ya mayar da 'yan'uwanmu na Sudan gidajensu lafiya, Ya mayar musu da alherin abin da suka rasa, Ya kuma tsare mu daga cin haƙƙin wani. Amin.